Takardar da Na Rubuta a Kan Askar Abokina

Shekarun baya, a daminar da mutanen garinmu suka cika motoci suka tafi Ringim wajen ƙaddamar da shari'a, muka binne wani direba da ya dawo daga kudu a rame kamar ba shi ba. Kafin a gama girbin gero matarsa ta kwanta, ba ta kuwa ga ƙaramar salla ba. A wajen zaman makoki babu wanda ya ambaci sunan ciwon, amma kowa ya san ƙanjamau ne. Garinmu ƙarami ne, ba shi da nisa da Dutse, kuma kusan kowa dangin kowa ne. Tsoro ya shiga gidaje.

Mai gari ya kira zama, aka kafa kwamiti. Akwai liman, da ungozoma, da shugaban direbobi, da malamin asibitin sha-ka-tafi, sai ni, saboda ina koyar da karatun allo a zaurenmu kuma an san ni da kyawun rubutu. Malamin asibiti ya kawo takardun faɗakarwa daga Dutse, duk da boko aka buga su. Mako bai zagayo ba muka gan su a hannun masu ƙosai ana ƙunshi da su.

Malamin asibitin ne ya dube ni ya ce, "Malam, mutanen nan ba sa yar da rubutun ajami a ƙasa. Ka rubuta mana abin nan da hannunka, in kai Dutse a buga mana da yawa."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Har sabon alƙalami na feƙe, na dama tawada mai kauri, na yi wa gefen takardar zayyana sai ka ce allon sauka. Ya zauna ya lissafa mini hanyoyin da ake ɗaukar ciwon, ya ce babbarsu ita ce saduwa tsakanin namiji da mace, sai kuma jini, ta allura ko aska da aka yi wa wani amfani da ita ba a tsabtace ba.

Da na zo rubutawa sai kunya ta kama ni. Takardar nan a ƙofar masallaci za a liƙa ta, surukina zai karanta, ɗalibaina za su karanta. Sai na dunƙule babbar hanyar a layi ɗaya, na ce jama'a su ji tsoron Allah su kiyaye dokokinsa. Da na iso kan jini kuwa, babu abin kunya a ciki, sai alƙalami ya sake. Na yi layi shida. Na rubuta cewa a yi nesa da askar wanzami da ƙahonsa, domin ta nan ciwon yake shiga gida. Malamin asibiti ya ce idonsa bai saba da ajami ba, ya amince da ni. Haka aka buga, aka raba.

Wanzami ɗaya ne a garinmu, kuma abokina ne tun muna ɗaukar allo. Mahaifinsa ne ya yi mini kaciya. Abokin nawa shi yake aske kan kowane jariri ranar suna, shi yake yi wa manoma ƙaho in bayansu ya riƙe, da kaka kuma kowane gida ya aika masa damin hatsi. Da haka yake ciyar da iyalinsa. A duk zaman da kwamiti ya yi babu wanda ya ce a kira shi, har da ni.

Kwana uku da liƙa takardar ya same ni a zaure bayan la'asar, da zabirarsa a rataye. Bai zauna ba.

"Malam, wanzamai nawa ne a garin nan?"

Na ce, "Kai kaɗai ne mana."

"To me ya hana ka rubuta sunana, ka hutar da mutane?"

Na gyara zama na ce ba da shi nake ba, ilimi ne aka kawo daga asibiti, kuma gaskiya ba ta duba abota.

Ya ce, "Mamacin nan shekara goma rabon da askata ta taɓa kansa, a kudu yake aski, kai ma ka sani. In askata tana da laifi, ai da ka kira ni ka ce ga yadda zan gyara. Gidana da gidanka taku nawa ne? Yau da safe an yi suna a gidan maƙera, na je, suka ba ni goro a ƙofa suka ce an riga an yi askin."

Na ce ya yi haƙuri, abin zai wuce. Ya dube ni ya ce, "Allah ya ƙara basira, Malam," ya fita.

Abin bai wuce ba. Da takardar boko ce da an manta da ita a wata guda. Amma tawa, dattawa suka ninke ta suka sa a cikin gafaka tare da littattafansu. Mata suka riƙa cewa malamai sun hana. Da sanyi ya shigo, lokacin kaciyar yara, aka kwashe su a mota zuwa Dutse. Kakar da ta biyo baya, damin da ya shiga gidansa bai kai a ƙirga ba.

Bayan kamar shekara guda aka gayyaci kwamitinmu zuwa wani gari a ƙasar Taura, mu ga yadda suke nasu aikin. Can na ga abin da ya hana ni cin abincin da aka kawo mana. Su wanzamansu ne a gaba. Su da kansu suka yi wa junansu doka: kowane kai da sabuwar reza, mai gida ya buɗe ta da hannunsa, ƙaho kuma a tafasa shi a gaban mai shi. Wani tsohon wanzami ya ce mana, yana dariya, "Mu ne ma muke gaya wa maza maganar da liman yake jin nauyin faɗa. Mutum yana ƙarƙashin aska, ina zai gudu? Dole ya saurara." Sai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku ina wanzaminku? Ko bai samu zuwa ba?"

Mai gari ya dube ni, ni kuma na dubi tabarma.

Da muka dawo na sake wata takarda, na rubuta maganar sabuwar reza da tafasa ƙaho, har babbar hanyar ma na daure na faɗe ta a fili. Amma ban rubuta cewa ta farko kuskure ce ba. Na ce a raina, in malami ya ce ya yi kuskure, wa zai ƙara yarda da rubutunsa? Mutane suka karɓi ta biyun suka ajiye kusa da ta farko, suka ci gaba da gudun abokina.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na watan da iyalina ta haihu. Da na kira shi ya yi askin sunan nan da sabuwar reza a gaban jama'a, da magana ta ƙare a ranar. Na san haka sarai. Amma na ji tsoron a ce Malam ya hana mutane shi kuma ya yi. Na sa ƙanena ya aske yarinyar a cikin gida tun da sassafe. Abokina ya zo wajen raɗin suna, ya zauna a ƙarshen tabarma, aka shafa fatiha da shi, ya yi mini barka, ya tafi. Bai zo da zabira ba.

Daga baya ya koma dako a kasuwar Dutse, mutumin da sarakunan noma suke sunkuyar masa da kai. 'Ya'yansa maza babu wanda ya gaji sana'ar. Kwamitinmu kuwa ya yi suna, har daga wasu garuruwa ake zuwa ganinmu, ana nuna ni ana cewa ga malamin da ya rubuta faɗakarwa da ajami. Ina jin yabon ina karɓa. Mun zauna mun yi maganar mutum ba ya nan, alhali shi ya fi mu sanin aska, kuma ni na sayi mutuncina da nasa. Wannan shi ne abin da na koya, kuma ban koye shi da wuri ba.

Shekara bakwai muna gaisawa sama-sama. Sai na ji ɓarin jikinsa ya shanye, an dawo da shi gida. Na je da hantsi na same shi a kan tabarma an jingina shi da bango. Na durƙusa na ce na zo neman gafara.

Maganarsa ba ta fita sosai. Ya ce, "Ni kaɗai za ka gaya wa? Ni ai na san ban kashe kowa ba. Yaran nan ne suka tashi ana ce musu 'ya'yan mai askar ƙanjamau. Babbar 'yata sau biyu ana fasa neman aurenta. Su za ka gaya wa."

Ya sa aka kira su, maza uku da mata biyu, da mahaifiyarsu a bayan ƙyaure. Na tsaya a gabansu, da furfurata, na ce mahaifinsu bai taɓa sa wa kowa ciwo ba. Na ce kunya ce ta sa na karkatar da maganar kansa, girman kai kuma ya hana ni gyarawa. Na faɗi har maganar askin sunan 'yata. 

Abokina ya miƙo hannun da yake motsi, na kama. Ya ce, "Shi ke nan, Malam. Na yafe maka duniya da lahira. Tashi, gwiwarka ba ta da ƙwari."

Babban ɗansa ya raka ni har bakin zaure, ya juya mini takalmana kamar yadda ake yi wa manya. Ya ce, "Baba ya yafe, Malam, mun ji. Mu kuma sai a hankali."

Na ce masa hakan ma na gode.