Shekarar da Na Bi Zaɓen Wata Ƙasa

A lokacin ina aikin malamin gona. Gidanmu yana Unguwar Hajji a Karaye, wurin aikina kuma ƙauyukan Rogo, don haka rabin rayuwata a kan babur nake yin ta. Wata safiya gab da faɗuwar damina shugaban ofishinmu ya kira ni, ya ce in turo ƙofa.

"Ka ji labarin baƙin da Gwamna ya karɓa?"

Na ji a rediyo. Jakadan wata ƙasar Turai ne ya zo Kano da 'yan kasuwarsu, aka sa hannu cewa za su riƙa sayen riɗi da gyaɗa daga jiharmu. Sai dai mutane ne masu tsantseni, ba sa karɓar amfanin da ya yi fumfuna ko ya kwashi ƙasa. Saboda haka za a tura malaman gona can su koyo yadda ake shanya da adanawa.

"Har da kai," in ji shi. "Ka je ka yi fasfo. Kafin kaka za ku tashi."

Tun daga ranar zama ya gagare ni. Na shiga Kano na yi fasfo, na biya gwanjo na sayi wata jibgegiyar rigar sanyi. Gonata ta gado ma aro na ba maƙwabcinmu, don a ganina ba na nan za a yi girbi. Ko abinci a tsaye nake ci, waya a hannu. Mahaifiyata takan dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, zauna. Jirgin ba a ƙofar gida zai ɗauke ka ba."

A ƙauyen Ruwan Bago akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Abin da ya shuka shi mutane ke shukawa. Na yi ta sintiri wurinsa har ya yarda ya ware wa riɗi rabin gonarsa ta gyaɗa, sauran manoma suka bi.

"Malam, su mutanen nan sun san da mu kuwa?" ya tambaye ni.

"Sun sa hannu, Baba."

"To, Allah ya sa hannun ya daɗe."

Damina ta yi tsakiya, shiru. Riɗi ya yi fure, shiru. Kullum sai na leƙa ofishin shugaba kafin in hau babur, har ya fara ɗaga min hannu tun daga nesa, alamar babu labari. Sai wata rana ya ce in zauna.

"Gwamnatinsu ta rushe."

"Juyin mulki aka yi?"

"A'a. Jam'iyyun da suka haɗu suke mulki ne suka ɓata, sai an sake zaɓe. Kafin nan an dakatar da komai."

Ni da ko zaɓen kansila bai taɓa hana ni sukuni ba, sai ga ni ina bin zaɓen ƙasar da ban taɓa takawa ba. Na gano akwai ɓangaren da ke son a ci gaba da hulɗa da ƙasashe irin namu, akwai kuma masu cewa a fara gyara gida tukuna. In na tsaya a inuwa in huta, waya. In na je teburin mai shayi, zancen ke nan, har abokai suka fara sulalewa in sun hango ni. Matata ta gaji, ta ce, "Malam, kai da ba ka da ƙuri'a a can, me ya kai ka ramewa?"

Ban ɓoye wa mutanen Ruwan Bago ba. Bayan sallar azahar na yi musu bayani a ƙofar masallaci. Baba ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "To wanne ne namu a ciki, mu sa shi a addu'a?" Na faɗi sunan jam'iyyar, babu wanda ya iya maimaitawa. Liman ya ce Allah ya san wadda ake nufi. Dariya ta so ƙwace min, amma hannuna ya riga na kowa ɗaguwa.

Namu suka faɗi.

Na kwana biyu ban je Ruwan Bago ba. In na zo mararraba sai in karkata wani ƙauyen, ina tunanin da wane baki zan yi musu magana. Da na daure na je, na tarar sun yanke riɗin, an jingina dammunan a tsaye suna shan rana. Baba yana gindin wata ɗorawa yana gyara lauje. Muka gaisa, ya tambayi iyali da hanya, ban ma kai ga ba da haƙuri ba ya ce, "Mun ji, Malam. Shi riɗi bai san an yi zaɓe ba, ya nuna abinsa." 'Yan kasuwa daga Dawanau suka zo suka saye. Ba a samu abin da na kwaɗaita musu ba, ba a kuma faɗi ba.

Da shekara ta zagayo aka turo sabon jakada, aka sake sa hannu, aka sake ɗaukar hoto. Tafiyar kuwa ta koma bita a wani zaure a Kano. Wata mata mai furfura ce ta zo daga can ta koyar da mu, kuma ta san aikinta. Da aka fita shan iska na kasa haƙuri, na tambaye ta wa ta zaɓa. Ta yi dariya, ta ce a wurinsu ba a cika yin wannan tambayar ba, amma waɗanda suka ci ta zaɓa, saboda tsadar haya da layin asibitin da mahaifiyarta ke bi. Na ba ta labarin ƙauyen da ya yi wa abokan hamayyarta addu'a. Ta ciro waya ta ce in nuna mata wurin a taswira. Muka yi ta ja da yatsa, na nuna mata Rogo, na ce nan kusa ne. Ta so ta zo, amma washegari jirginta zai tashi.

Aka raba mana tamfol na shanya. Na ɗaure nawa a bayan babur na kai Ruwan Bago, na shimfiɗa a fili ina nuna yadda ake baza gyaɗa ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Wata tsohuwa ta shafa shi, ta ce wannan ai ya fi tabarmar ɗakinta kyau, ita kam ba za ta bar wa gyaɗa shi ba. Sai da muka yi doguwar muhawara kafin ta yarda a fara gwadawa da kwano ɗaya.