Waya a Bayan Katanga

Mai Keke muke ce mata, don tun ina yarinya kekenta na ɗinki yake gindin tagar da ke kallon lungunmu. Kayan makaranta take ɗinkawa. Fara'a ba ta dame ta ba, amma in ta kafa miki maɓalli, sai rigar ta mutu ta bar shi.

Autanta ne ya haɗa musu rauta, 'yar na'urar nan mai ba gida wayifai, ya sa lambar sirri ɗaya zuwa takwas. Rabin lungu muka yi ta shan datarta ba ko kunya. Daga baya autan ya sayar da babur ɗin ubansa, uban ya kore shi, ya rantse duk wanda ya neme shi sai ya bi shi.

Yaron ba ya iya sayen data. Da yamma yakan zo ya jingina da katanga, wayarsa ta kama wayifan da kanta, saƙonni su yi ta shigowa, ƙil, ƙil. Mai Keke ta san ƙarar. Sai ta ɗage ƙafa daga keken. Ba ta leƙawa, shi ma ba ya magana. Da haka take sanin ɗanta yana raye.

Rannan babbar 'yarta ta zo, ta ga lambar, ta riƙe baki.

"Mama, wannan ai ƙofa ce a buɗe! Wani sai ya shigar muku wayoyi."

Gaskiyarta ce. Ta sa doguwa, manyan haruffa da ƙanana, lambobi, har da alamar tambaya. Mai Keke tana yanka yadi ta ce "to," ba ta san abin da ta amsa ba.

Da yamma ta ji takunsa, ta tsayar da keke. Shiru, ba ƙil ko ɗaya. Ya daɗe a tsaye, sannan takun ya yi nisa. Da kuka ta sa aka mayar da tsohuwar lambar.

Washegari yaron ya tare ni a bakin titi, duk ya rame.

"Yaya, ki ce wa Mama na gane. Ba zan ƙara damunta ba."

Kafin in buɗe baki ya haye mota. Ban taɓa kai saƙon da ya ƙona mini rai irin wannan ba.

Mai Keke ta saurare ni, ta daɗe tana kallon na'urar, fitilarta na ƙyafta ido.

"'Yar nan, abin nan har ina yake kaiwa?"

Na ce iyakarsa bakin lungu.

"Babu wanda ya fi shi nisa?"