Sallahun Alhaji Barau

Alhaji Barau na Pauwa mutum ne mai naci, kuma bai taɓa ɓoye wannan hali ba. In ya kama hannun rigarka a kasuwar Ƙanƙara, sai ya gama. Ko an ce masa ya ishi mutane, cewa yake yi ya sani.

Maganar tasa ɗaya ce. Da ƙuruciya ya tafi Makka a ƙafa da matarsa da 'yarsu Mairo, suna tafe suna ƙwadago a gonakin mutane. A hanyar dawowa matar ta rasu, agana kuma ta kama yarinyar. Ayari ba ya jira. Ya bar ta hannun wasu Hausawa a wani ƙauyen Sudan mai rijiya biyu, ya ce in ta warke a haɗa ta da ayari na gaba. Ba ta zo ba. Shi kuma ƙafarsa ta hagu ta lalace, bai sake iya doguwar tafiya ba.

Sai ya zama duk mai niyyar hajji daga Ƙanƙara har Faskari wurinsa yake zuwa tambayar hanya. Yana lissafa masa zango-zango, inda ruwa yake da inda ɓarayi suke, ba ya karɓar komai. Ladansa sallahu: a tsaya a ƙauyen, a tambayi Mairo mai zanen agana. Wasu sun manta. Wasu ba su dawo ba.

Shekarar da Hadi mai fataucin gyaɗa ya hau jirgi a Kano, ko gero ba a girbe ba ya dawo da sunan Alhaji. Barau ya ja ƙafarsa zuwa barka da sauka, ya ratsa 'yan gaisuwa ya zauna gabansa.

"Alhaji, ka isar man da sallahuna?"

"Baba, ai ba mu bi ta nan ba."

"To ta ina? Hanyar gabas ɗaya ce. Zango nawa kuka yi?"

"Da hantsi muka bar Kano, isha'i a Jidda. Sau ɗaya muka sauka, jirgi ya sha mai."

"Kai, yaro, ni za ka yi wa wasa? Ko tsuntsu yana sauka ya kwana."

"Wallahi, Baba. Sudan ɗin nan taka, ina gyangyaɗi muka wuce ta."

Aka yi dariya. Barau bai yi ba. Ya tambaya ko ana hango rijiyoyi daga sama. Hadi ya ce ƙasa dai ja, shi ke nan.

Daga nan masu hali suka koma bin jirgi, masu shiga mota kuma direba ne ke zaɓa musu wurin tsayawa. Babu mai bukatar zangon Barau. Ya rame, ya daina zuwa kasuwa.

Damina ta biyu aka ce liman da mutum biyu daga Mabai za su tashi hajji a jirgi. Ya sa aka ɗora shi a jaki har tasha. Bai roƙe su su sauka ba, ya riga ya gane ba a yi.

"Malam," ya ce wa liman, "ku yi wa Allah kada ku yi barci. In an ce an shiga Sudan, ku duƙa wajen taga ku kira sunanta. Ku ce ubanta na Pauwa, bai tashi ba."