Tuffar da Muka Rufe a Kwalba

A shekarata ta biyu a unguwar Bronx ta Amurka, wajen ƙarshen shekarun tamanin, cocinmu ya ɗauki bas ya kai mu wata gonar tuffa can nesa da gari. A Jos, inda na tashi, tuffa abin marmari ce, guda ɗaya ake yayyanka wa yaran gida. Sai ga ni ƙarƙashin bishiyarta, an ce in tsinka iya son raina. Ni da maigidana muka rikice kamar yara. Da yamma muka sauka a titin Grand Concourse da buhuna biyu, da ƙyar muke jan su.

Muka yi ta ci, muka rarraba, ba alamar raguwa, ga wasu sun fara laushi. Ana haka maƙwabciyarmu ta leƙo, wata tsohuwa baƙar fata daga jihohin kudancin ƙasar da nake kira Mama. Ta ga tuffa har kan kujera, ta yi dariya ta riƙe ƙugu. Ta ce ranar Asabar in same ta da wuƙa mai kaifi, za ta koya min yadda kakarta take dafa 'ya'yan itace ta rufe a kwalba, a riƙa cusawa cikin wainar fulawar da suke kira fai idan sanyi ya shigo.

Na ƙagu Asabar ta yi. Da sassafe na ƙwanƙwasa mata ƙofa, ko ɗankwali ban gama ɗaurawa ba. Ta fito da wata ƙatuwar tukunya da kwalabe masu faɗin baki. Muka fere tuffa har yatsuna suka yi tsami, muka yayyanka, muka ɗan tafasa. A wata tukunyar ta dama sukari da kirfa da ruwan lemon tsami da wani sitaci na musamman, ta ce na kasuwa dunƙulewa yake. Da ya yi kauri kamar kunu muka juye tuffar. Ƙamshi ya cika gidan har matakala.

Da muka zo tukunyar ƙarshe, na ce, “Mama, ko in sa ɗan citta da kanumfari? Haka muke yi wa kunu a gida.”

Ta kalle ni ta saman tabarau. “Tuffarki ce, 'yata. Amma kada ki taɓa min lemon tsamin, shi ke hana ta lalacewa.”

Na ruga gida na ɗauko garin. Muka cika kwalaben da ludayi, muka bar ɗan sarari a sama, muka goge bakin, muka rufe, muka jera su cikin tafasasshen ruwa. Da muka tsamo su muka ɗora kan tawul, ta sa yatsa a leɓe ta ce in saurara. Can sai na ji ƙas! Murfin ɗaya ya lotsa ciki. Ta ce alamar ya kama ke nan. Na biyu ya yi, na uku ya bi. Ban san lokacin da na fara guɗa ba, har maigidana ya shigo a guje yana zaton gobara ce.

A watan Janairu, ranar da dusar ƙanƙara ta hana mu zuwa aiki, na buɗe kwalba ɗaya mai citta na gasa fai na farko a rayuwata. Gefensa ya ɗan ƙone. Na kai wa Mama yanki, ta tauna a hankali, sannan ta tambaye ni ko kwalba nawa suka rage, don matan cocinsu suna da liyafa ranar Lahadi.

Na ba ta biyu. Ragowar wadda na buɗe kuwa maigidana ya shafe ta a kan masa. Da bazara ta shigo na je kantunan titin Fordham Road na sayo tawa ƙatuwar tukunyar irin ta Mama, na rungumo ta a jirgin ƙasa har gida.