Shekarar da Baturen Kuza Ya Sallami Leburori

Kakata ba ta san shekarar haihuwarta ba. Da aka tashi yi mata fasfo don aikin Hajji, sai aka ce ni zan nemo shekarar, tunda ni ne mai karatun tarihi a gidanmu na Dutse Uku.

"Angona, ai da sauƙi," in ji ta. "Shekarar da Baturen kuza ya sallami leburori da hantsi."

Mahaifinta lebura ne a ramin kuza. Ogansu mutumin Sikotilan ne, wanda ko ranar Sallah ba ya son ganin an ajiye shebur. Wata safiya wasiƙa ta iso masa cewa ramin kwal ya rufta da mutane a garinsu. Ya ce kowa ya tafi gida. Mahaifinta ya dawo ya tarar ungozoma tana yanke mata cibiya.

Mako biyu na yi a ɗakin karatu. Kunya ta hana ni tambayar ma'aikatan, har na lalubo da kaina wani littafi da ya jera tarihin Sikotilan shekara bayan shekara: abin da ya faru, wa aka haifa, wa ya mutu. Ashe ramukansu ba sau ɗaya suka rufta ba. Shekaru uku na samu da za su iya dacewa, ita kuma Kaka ba ta san sunan garin Baturen ba.

"Kaka, ba zan iya rubuta abin da ban tabbatar ba."

"To karanto mini su, malam sarkin tsantseni."

Na karanta mata a hankali, har da manyan mutanen da aka haifa a kowace shekara. Ta saurara tana jan carbi.

"Su waɗanda ramin ya danne fa, an rubuta sunayensu?"

"A'a, adadinsu kawai."

Can ta ce, "Ɗauki ta tsakiya. Kar ka mayar da ni yarinya, kar kuma ka tsufar da ni su hana ni hawa jirgi."

Ita na rubuta, raina bai so ba. A ofishin fasfo ma'aikacin bai ko ɗago kai ba, ya sa mata ɗaya ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, ya buga hatimi. Da wannan shekarar ta tafi Makka.