Ɗakin da Na Gina wa Kaka

A gidanmu na Zongo, da an idar da sallar magariba sai Kaka Asabe ta jawo murhun gawayinta ƙofar ɗaki, ta jera masara a kai. Mu jikokinta huɗu mukan dawo daga makaranta a gajiye, saboda rawar jam'iyya da ake sa mu koya har yamma, amma ba wanda yake yarda ya kwanta kafin a yi tatsuniya. Ni ne babba, don haka ni take tsokana.

"Maigidana ya iso," in ji ta. "Mijin da ba ya cefane, sai cin masara."

Ɗakinta na jar ƙasa ne, kaurin bangon ya kai kamu guda, rufin kuma ciyawa. Marigayi kakanmu ya bar kafa biyu a jikin bango, ɗaya a kudu wajen teku, ɗaya can sama a arewa. Iska ta shiga nan ta fita can. Ko a tsakiyar watan zafi ruwan randarta yakan kama haƙori. Ni dai a lokacin abin da nake gani shi ne ɗakin tsoho ne, kuma abokaina na unguwar Tokoin gidajensu na bulo ne.

Idan za ta fara sai ta ce, "Ga wata ta sauka, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce mu ne. Akwai wadda ta fi yi mana, ta ƙadangare. Wai kullum yana yi wa gara dariya, gidanta duk ƙasa da ramuka. Ran nan ya tsinci gwangwanin tumatir mai ƙyalli a bakin kasuwa, ya ja shi fili inda kowa zai gani, ya saka uwarsa a ciki. Dabbobi suna wucewa suna yaba masa. Rana ta take, shi yana inuwa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Inna, ya sabon gida?" Ta ce, "Lafiya lau, Allah ya yi maka albarka." Haka rana ta biyu. A rana ta uku ya tambaya bai ji amsa ba. Tun daga nan yake gyaɗa kai shi kaɗai.

Ƙanwata Ladi ta taɓa tambaya, "Kaka, me ya hana ta fita?"

"Ta fita ta bar ɗanta da kunya?" Ta juya masara ta ci gaba da hira.

Na girma na zama direban babbar mota, ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Da hannuna ya ɗan yi ƙarfi, na rushe ɗakin ƙasar ban nemi shawararta ba. Na kawo bulo da siminti da kwano sabo. Maginin, wani dattijo ɗan ƙabilar Ewe, ya ce a bar taga a kudu, a kuma sa sili ko da na tabarma ne. Na ƙi. Taga ɗaya na sa, ta gilashi, a yamma, don ta fuskanci titi masu wucewa su gani. Silin na ce sai an kwana biyu, amma fenti kam har hawa biyu aka yi.

Ranar da ta shiga ta shafa bango ta ce, "Maigidana ya yi cefane a ƙarshe." Aka yi dariya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Wata azahar na dawo daga tafiya na same ta kwance a tabarma gindin mangwaron maƙwabta. Raina ya ɓaci. Wannan ita ce maganar da nake roƙon Allah ya yafe mini.

"Kaka, so kike a ce na gina miki ɗaki kina kwana a waje kamar marar gata?"

Sai ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta ta shiga. Ladi ta gaya mini daga baya cewa tun ranar ba ta sake kwanciya a waje ba, sai dai ta jiƙa zane ta rufa. Duk dawowata nakan tsaya a ƙofa in gaishe ta, ta ce lafiya lau, in wuce. Shekara biyu ta yi a haka, ta rasu cikin watan zafi. Likita ya ce tsufa ne da hawan jini, mutane ma suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ajali ba ya wuce ranarsa.

A kwana na uku na zaman makoki na shiga ɗakin da azahar don in ɗan kishingiɗa. Kwano yana huci a kaina, rana ta bugo gilashin, ba iskar da ke motsi. Ko rabin awa ban yi ba na fito a jiƙe, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ina yaro na ɗauka laifin ƙadangare shi ne son ƙyalli. Yanzu da na tsufa na gane laifinsa ya fi haka: daga waje yake tambaya, kuma amsar da yake so ita aka ba shi. Shi ya sa duk inda na ga ana ɗora bulo a unguwa nakan tsaya in tambayi mai ginin wa zai zauna a ciki, ina iska za ta shiga, ina za ta fita. Wasu su saurara, wasu su ce tsohon nan ya cika shisshigi. Nakan ce wa mai ginin ya shiga ya zauna da azahar tukuna, kafin ya saka uwarsa.