Kujerar da Hamidu Ya Ja wa Mahaifinsa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Hamidu, abokina tun muna yara 'yan lakwal, wato makarantar boko, malamin Faransanci a kwalejin Konni. Ɗan maroƙi ne. Mahaifinsa ya tsufa yana kaɗa kotso a ƙofar masu sarauta.

Da Hamidu ya gama karatu a Faransa, abin da ya kwaso shi ne kaset-kaset na waƙoƙin fadar sarakunansu, na kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce: murya guda, da wani irin molo mai tsirkiya da yawa, ana kukan bege ko ana kambama sarki. Manyan ma'aikatan gari suka mai da waƙoƙin abin ado. In ana walima sai a aika Hamidu ya taho da rediyonsa, su lumshe ido suna gyaɗa kai, alhali ko rabin tsohon Faransancin nan ba su kamawa.

Ran walimar sabon kumandan mai mulkin garin, Hamidu ya zo da tsohonsa, ya ja masa kujera. Wani babban ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya ce, "Malam, ai maroƙa bakin ƙofa suke tsayawa."

Hamidu ya kashe rediyon. "Ranka ya daɗe, wannan da kake lumshe wa ido ma maroƙi ne. Tuwon sarki ya ci, ya yi masa kirari ya ce shi ne rana. In Baba zai fita, tare za su fita."

Tare suka fita. Kafin damina aka tura Hamidu wata lakwal can bayan Tajaye, inda ciwon ajali ya same shi.

Nakan tambayi kaina ko kujera ta kai a sayar da aiki a kanta, tunda tsohon ma bai roƙe ta ba. Sai in tuna an ce mai son uwa ya so ɗanta. Su kuwa waƙar suka so, suka ƙi mawaƙin.

Yau zamanin jam'iyyu ne. Ɗan duwan nan ya zama ɗan takara, maroƙa na zuba masa kirari ta lasifika, yana lumshe ido irin lumshewar da. Da Hamidu na nan, ina jin ko dariya ba zai ɓata a kansa ba.

Kaset-kaset ɗin zafi ya cinye su. Abin da Hamidu ya bar mini wata ɗabi'a ce: duk taron da na shiga, nakan fara duba inda aka ajiye makaɗa. Har yau suna tsaye a rana.